Tani da Liƙaƙƙen Rumbu

A Tungar Ladan, wani ɗan ƙauye da ke gefen Kajiji a ƙasar Shagari, har yau in mace ta cika faɗa sai a ce ta gaji Tani. Masu faɗin haka ba su san Tani ba. Labari suka ji, shi ma rabinsa. Sun ji cewa ta fasa rumbun ɗanta da taɓarya a gaban jama'a, amma ba wanda ya damu ya tambayi abin da ya kai taɓaryar hannunta. Ni abin nan yana ɓata mini rai, shi ya sa zan ɗauko shi tun daga tushe.

Tani ba a gona ta tashi ba. 'Yar Malam Maniru ce na cikin garin Bodinga, mai karantar da Alƙur'ani a zaurensa, kuma a gidansu hatsi a bayan jaki yake shigowa, na zakka da na alheri. Abin da ta sani game da gero shi ne a auno a ba ta, ta surfa, ta daka. Ta iya karatu daidai gwargwado, ta iya kaɗi, ta iya dama fura. Amma da za ka tsayar da ita a bakin gona ka ce ta nuna maka gero ta nuna maka maiwa, sai dai ta yi dariya ta rufe fuska. Da Mode ya nemi aurenta, wani manomin Tungar Ladan da ke kawo wa Malam dami kowace kaka, ba ta yi gardama ba. Mutum ne mai tsafta, mai sanyin murya, wanda in ya durƙusa gaida babba sai an ce masa ya isa haka. Kowa ya ce ta yi dace, ita ma haka ta gani.

A can ta tarar da al'adar da za ta ci mata rai. In an gama kaka, magidanci ya loda damman geronsa a rumbu, ya fitar wa iyalinsa na ci, sannan ya kwaɓa laka ya liƙe bakin rumbun, ya ɗora jinka, ya tafi kudu cin rani. Can zai yi dako ko gini ko jan ruwa, don bakinsa ya sauka daga kan hatsin gida. Ba mai buɗe rumbun sai shi, in ya dawo gab da ruwan farko, lokacin da ake bukatar cikakken ciki don noma. Mace kuwa ko leƙa rumbun mijinta ba ta yi, wai albarka tana tashi. Ban ce al'adar wofi ba ce, ta raya gidaje da yawa. Amma al'ada ce da ta dogara kacokan a kan gaskiyar mutum ɗaya, kuma ba wanda ke da ikon duba gaskiyar tasa.

Shekarun farko lafiya lau. Ta haifi Laraba, daga baya ta haifi Idi. Da yake Laraba 'yar fari ce, Tani ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, sai dai "ke" ko "waccan yarinya". A ɗakin Inno, uwar Mode, yarinyar take kwana. Son da Tani ke yi mata a ɓoye yake, a ƙanzon da take kankaro mata daga gindin tukunya, ta miƙa mata tana kallon wani waje.

Sai shekarar da yaƙin Turawa ya yi zafi a can wata duniya da ba ɗan Tungar Ladan ɗin da ya taɓa gani. Damina ta yi gardama, ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai. Ɗan abin da aka samu bai gama shan iska ba sai ga dogarai da buhuna, wai an ce a tara hatsi don ciyar da soja da ma'aikata. Ba ruwansu da ruwa ya yi ko bai yi ba. Wanda ya aiko su ba ya cin tuwon gero, bai kuma san yadda kukan yaro mai jin yunwa yake ba. A gona aka yi sussukar geron Mode, a gona aka auna aka ɗaure, saboda haka Tani ba ta ga abin da ya fita ba, ba ta ga abin da ya rage ba.

Wata safiya ta fito ta tarar har ya gama liƙe rumbun. Ya shafe lakar sumul da tafin hannu, har da ɗan zane na ado da yatsa. Ya nuna mata wasu dammai da ya jingine a ɗakin girki.

"Ga wanga ku riƙa ci," in ji shi. "Rumbu kau kin san dokatai. Kada kowa shi taɓa sai na komo."

"Allah shi kiyaye hanya, Maigida," in ji Tani.

Damman nan ba su kai bazara ba. Ta rage awo, ta mai da tuwo kunu, ta mai da kunun ruwa-ruwa. Ta ba da tasoshin jerenta aka musanya mata da tsaba, ita ma ta ƙare. Inno ta shiga daji tana tsinko 'ya'yan anza, waɗanda sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin ɗacinsu ya fita a iya ci. Manya suna runtse ido su haɗiye. Idi yana goye, yana tsotsar abin da ya samu. Laraba ce cikinta ya ƙi karɓa. Ta kama gudawa, ƙafafunta suka kumbura, gashinta ya yi ja, ta daina bin kaji a tsakar gida.

Ga abin da ya fi ƙona mini rai. Garin ba na marasa imani ba ne. Masu ɗan hali sun tara abin da suka iya a ƙofar masallaci, aka rarraba wa gidajen da ba su da komai. Gidan Mode aka tsallake, domin ga rumbunsa nan ya ɗara darnin gidan tsawo, liƙe tsaf, kowa yana hangensa daga hanya. Wata maƙwabciya ma har ta ce wa Tani, "Ku kam kun gode Allah, in wuya ta yi wuya kuna da inda za ku juya." Bodinga kuma ba nisa ne da ita ba, da ta aika wa mahaifinta da jaki ya iso kafin rana ta faɗi sau biyu. To amma da wane baki za ta ce mijinta ya bar ta da yunwa, alhali rumbu cike? Ai tonon asirin aure ke nan. Ta yi shiru, kuma tana ganin shirun nan shi ne tarbiyya.

Ranar da Laraba ta kasa ɗaga kai ta sha ruwa, Tani ta jawo tsani ta nufi rumbun. Kafin ta jingina shi, Inno ta riga ta, ta zauna a gindin rumbun ta miƙe ƙafafu.

"Inna, ki bari in buɗe," in ji Tani. "Dami guda ɗai za ni ɗauka. In ya komo ni da bakina za ni hwaɗa mai."

"Ba a yi," in ji tsohuwar. "Tun kakanni ba a yi ba, ba a hwarawa ga gidan ga."

"Inna, yarinyag ga ba ta iya tashi."

"Allah ad da rai. Aje tsanin."

Ta ajiye. An koya mata cewa ba a ja da uwar miji, ta kuwa iya karatun nata da kyau.

Da hantsi Laraba ta cika, a kan tabarmar Inno, inuwar rumbun tana kan ƙofar ɗakin. Tani ba ta yi kuka a fili ba, domin ba a kukan ɗan fari. Matan da suka zo gaisuwa suka yi ta yaba mata, wai ga 'yar malam ta gaske, ga kunya, ga dangana. Tana jin su, tana tsame anza daga ruwa. Yabon nan ya tsaya mata a rai, kuma bai taɓa wucewa ba.

Da hadari ya fara haɗuwa Mode ya dawo, da turmin zane da gishiri da goro. Aka gaya masa. Ya yi salati, ya nemi wuri ya zauna. Gari ya waye bai buɗe rumbu ba. Aka yi ruwan shuka, kowane magidanci ya hau nasa ya fasa laka, Mode yana ta kewaye-kewaye, yau ciwon baya, gobe gyaran hauya. Tani ta zuba masa ido har ta gaji. Ta jawo tsanin nan dai, ta jingina a gabansa. Bai hana ta ba. Inno ta tashi ta shige ɗaki.

Ta sauke jinka, ta sa dutse ta fasa lakar da aka yi wa ado, ta leƙa. Sai da idonta ya saba da duhun sannan ta gani. Can ƙasa 'yan damman iri ne da hannu ɗaya zai ƙirga, sai kashin ɓera. Daga nan har baki babu komai.

Ta sauko a hankali. "Ina hatsin?"

"Sun kwashe," in ji Mode, yana kallon ƙasa. "Abin da yar rage shi nab bar muku."

"To mi kal liƙe?"

"In na bar shi buɗe gari duka su san Mode bai da komi. Da wane ido za ni dubi mutane? Da wane ido za ni dubi Malam? Na ɗauka in na tahi ina samowa kahin abin shi kai haka."

Tani ta juya ta fuskanci ɗakin tsohuwar. "Inna ta sani?"

Murya ta fito daga ciki. "Na sani. Mutuncinai nika tsaro."

"Da kun hwaɗa min," in ji Tani, "da na goya guda na saɓa guda, na tahi Bodinga da ƙahwa."

Abin da ya kashe 'yarta ya haɗa da rashin ruwa, ya haɗa da buhunan Turawa, amma waɗannan biyun ba su hana maƙwabta kawo ɗauki ba, ba su hana ta zuwa gidan ubanta ba. Lakar nan ce ta hana, da ladabinta ita kanta. Fushin da ya kama ta a ranar bai bar kowa ba, har ita.

Aka zaci za ta yi yaji. Ta je Bodinga kuwa, amma kwana ɗaya ta yi. Ba ta gaya wa Malam Maniru abin da ta gani a rumbun ba, ta dai ce masa za ta fara noma. Malam ya cire tabarau ya dube ta.

"Ɗiyar malam da hauya? Mi mutane za su ce?"

"Allah shi gahwarta Malam," in ji ta, tana durƙushe, "kun koya min karatu, Allah shi saka da alheri. Amma ba a koya min inda tuwo ka hitowa ba, kuma na ga abin da rashin sanin ga ka yi."

Ya yi ta jan tasbaha, bai ce ta yi ba, bai ce ta bari ba. Da ta koma ta ce wa Mode ya yanka mata gayauna, gonarta ta kanta, a bayan gari. Bai yi musu ba. Tun ranar tsanin nan ba ya iya haɗa ido da ita.

Noman farko abin dariya ne, kuma an yi dariyar. Ta binne iri da zurfi, rabi bai fito ba. Wajen noman fari ta sare gero ta bar ciyawa, don a idonta duk ɗaya ne. Hannunta ya ɗaye, ga Idi a baya yana tsala kuka, ga matan gari suna wucewa suna cewa, "Sannu da aiki, Malama." Wanda ya tsiro kuma ya fito cunkus a kowane rami, ita kuwa ta kasa tuge ko ɗaya, tana ganin asara ce.

Rannan tana duƙe sai ta ga inuwa. Inno ce, ba sallama ba gaisuwa, ta tsuguna ta kama tuge 'yan shukar tana watsarwa. Saura kaɗan Tani ta ɗaga mata hauya.

"Ki bar uku ga kowane rami," in ji tsohuwar. "In kin ji tausai nasu, duka za su lalace."

Tani ta tsaya tana huci. Sannan ta ce, "Abin da kis sani za ni ɗauka, Inna. Amma kada ki zaci na yahe."

"Ban roƙe ki ba," in ji Inno, ta ci gaba da tugewa.

Haka suka yi shekaru, kafaɗa da kafaɗa, ba hira tsakaninsu sai ta aiki. Wurin matar da ta fi jin haushinta a duniya Tani ta koyi duk abin da ya raya gidanta. Ta koyi zaɓen zangarniyar da ta fi cika tun tana tsaye a gona, a ɗaure ta daban a rataye saman murhu, hayaƙi ya tsare ta har shuka. Ta koyi cewa gero a zangarniyarsa yake daɗewa, in an sussuke shi an buɗe wa ƙwari ƙofa. Kuɓewa a yanka ta tun tana ɗanya shataf a baza a rana. Kabewa a fere ta, a zare ta dogo-dogo a rataya a igiya. Yakuwa a shanya ganyen, 'ya'yan kuma a dafa a rufe su ruɓa a yi daddawar batso. Tafasa da rama da kuka, waɗanda da can take wucewa ko kallo ba su ishe ta ba, duk suka sami tukunyarsu.

Wake ne ya fi ba ta wuya. Inno ta ce a shanya shi har sai ya yi ƙaras a haƙori, sannan a cuɗe shi da tankaɗaɗɗiyar toka mai sanyi a zuba a tulu. Tani ta ƙosa, ta zuba shi da sauran danshi. Da ta buɗe da rani sai gari da ƙwari suka yi mata maraba. Ta ɗaga tulun ta maka da ƙasa, ta zagi waken, ta zagi ƙwarin, ta zagi kanta. Inno ta tattara tsingaron ta ce za su yi amfani wajen ba kaji ruwa. Da kaka ta zagayo Tani ta zauna tana gwada wake da haƙori har muƙamuƙinta ya yi tsami.

Wani rani kuma ita ma ta tafi nata cin ranin. Ta goya Idi ta tafi Danchadi wurin wata ƙanwar uwarta da ke da lambu a fadama. Can ta koyi tayar da fangali, da dashen albasa, da ɗibar ruwa da ƙwarya daga 'yar rijiya tun sanyin safe har bayanta ya ƙage. Ta koyi daka ganyen albasar a dunƙule a shanya ya zama gabu, wanda zai shekara yana gyara miya. Ta dawo da iri a ƙullin zane, ta sami wani kwari a bayan tungar inda ruwa ba ya nisa, ta haƙa rijiya da hannunta. Gabun da ya yi yawa Inno ke kai wa kasuwar Kajiji ta musanyo gishiri da tsaba.

Masu buhuna sun sake dawowa kafin yaƙin ya mutu. Geron gayaunarta ma ba su bari ba, kuma ta bi su da baki har bakin hanya, abin da ba macen da ta taɓa yi a garin. Amma da suka leƙa tulunan toka da igiyoyin kabewa da curin gabu, sai suka yamutsa fuska suka wuce. Nan ta gane wani abu, wato akwai abincin da Nasara ba ya so, ta kuwa ninka shi. A wannan bazarar hayaƙi bai daina tashi a gidan Mode ba.

Daga baya ta gina nata rumbun a ƙofar ɗakinta, bisa duwatsu saboda gara. Gajere ne, bakinsa iya ƙirjin mace, murfinsa faifai da dutse a kai. Laka ba ta taɓa hawa bakinsa ba. Kowane yaro yana iya ɗaga faifan ya ga inda aka kwana.

Ba zan ce ta zama mai daɗin zama ba. Akuyar da ta shiga gayaunarta sai mai ita ya ji a jikinsa. Yaron da ya zubar da loma ɗaya zai sha faɗa har kunnensa ya yi zafi, sannan a ƙara masa tuwon. In bazara ta yi, sai ta bi gida-gida tana tambayar mata, "Mi kunka ci yau?" In aka ce mata "Alhamdu lillahi", sai ta ce ba shi ta tambaya ba, ta wuce ɗakin girki ta ɗaga murfin tukunya. Mutane sun tsani wannan hali nata ƙwarai, amma ba wanda ya taɓa maido da ƙwaryar abincin da ke biyo baya.

Da Inno ta kwanta ciwon ajali, Tani ce ta yi jinyarta, ita ke ba ta kunu a baki, ita ke juya ta. Ko ta yafe mata, ba ta gaya wa kowa ba. Mode kuwa ya tsufa da wuri, ya daina cin rani, ya zama mutum mai yawan shiru a kan buzu. Tuwonta yake ci, ba ta taɓa hana shi ba, ba ta kuma taɓa gaya wa wani mahaluƙi abin da ta gani a rumbunsa ba. Idi ya tashi da sanin cewa yayarsa ta mutu a shekarar yunwa, iyakar abin da ya sani ke nan.

'Yan shekaru bayan Turawa sun tattara nasu ya nasu, Idi ya riga ya zama magidanci, da matarsa Asabe da 'yarsu ta fari a goye. Tsuntsaye suka sauka a gonarsa gero yana nuna, suka yi masa mugun ta'adi. Tani ta taya shi girbi, don haka ta san abin da ya shigo gida. Wata safiya tana shara sai ta ji ƙarar da ta fi tsana a duniya, ƙarar ƙafa tana taka laka. Ta leƙa sashensa ta gan shi yana kwaɓi a gindin rumbu, ga ƙullin tafiyarsa a gefe.

"Asabe," in ji Tani, "hau tsanin ga ki leƙa."

Idi ya tsaya da laka har idon sawu. "Inna, macce ba ta leƙa rumbu."

"Hau, nac ce."

Asabe ta dubi mijinta, ta dubi surukarta, ta hau. Ta daɗe kanta a ciki. Da ta sauko ta gyara goyonta, ta sunkuyar da kai ta ce, "Cike shike, Inna."

Tani ta kalli yarinyar nan, ta ga ladabin, ta ga kunyar, ta ga ƙafafun jaririyar suna lilo a gefen zane. Ta san wannan ladabin, ta san inda yake kai mutum. Ta juya ta zare taɓarya daga turmi, ta kai wa jikin rumbun duka. Ta sake, ta sake, har bango ya tsage ya rufta. Ƙarar ta tara maƙwabta, kawuna suka jeru a kan darni. Ta cusa hannunta cikin ramin har kafaɗa, ta juya shi dama da hagu don kowa ya gani, ta zaro shi ba ko ƙaiƙayi.

Idi ya yi baƙi ƙirin. "Kin kashe ni, Inna. Kin tona min asiri gaban gari."

"Kai kana da rai," in ji Tani. "Larabata ba ta da shi."

Tsofaffin matan da ke leƙe ta kan darni ba su taɓa jin sunan nan a bakinta ba.

"Laraba," ta sake faɗa. "Ɗiyata ta hwari. Gindin rumbu irin wanga tam mutu, liƙe, an yi mai ado, ba komi cikinai sai mutuncin ubanka. Ga shi nan zaune, ka tambaye shi."

Idanu suka koma kan Mode. Tsohon ya dafa ƙasa ya miƙe daga buzunsa, ya tako a hankali har gindin rumbun. "Gaskiya ta hwaɗi," in ji shi. Ya sunkuya ya kwashi lakar da ɗansa ya kwaɓa, ya kai bayan gida ya zubar, ya dawo ya sake kwasa.

Tani ta kama Asabe a wuyan hannu ta ja ta har ƙofar ɗakinta. Ta ɗaga faifan ta ce ta duba da kyau, ta nuna mata tulunan wake da igiyoyin kabewa, ta ce duk ranar da tukunya ta kwana ba wuta ta zo ta ɗiba ba sai ta tambaya ba. Sannan ta ɗauko tsohuwar hauyarta ta ajiye mata a gaba, ta ce gobe da sassafe su haɗu a lambu.

Idi ya tafi cin rani bai yi wa uwarsa sallama ba, kuma ya daɗe kafin ya huce. Mutanen gari suka riƙe labarin taɓaryar suna ta juya shi a bakin rijiya, sauran kuwa suka bar shi ya bi iska, domin ba daɗin maimaitawa gare shi ba a garin da kowane gida ke da rumbu. Jaririyar da ke bayan Asabe ta ci daga tulunan nan a wannan bazarar, ta rayu, ta tsufa, kuma ita ce ta ba ni labarin kamar yadda uwarta ta ba ta. Ta ce har Tani ta koma ga Allah ba ta sake kiran sunan ba.